Takardar Baba a Ƙofar Bene

Yambol,
ƙarshen watan Nuwamba.

Zuwa ga yayana abin ƙaunata, Bate Lacho,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Veselina da yara. Ina fata ciwon bayan nan ya sassauta maka, kuma ka ji maganar likita ka daina ɗaga kayan masana'anta kamar ɗan shekara ashirin. Ranar Lahadi na kunna muku kyandir a coci, ɗaya naka, ɗaya na Veselina, yara kuwa guda na haɗa musu, su yi haƙuri su raba. Mu nan jiki lafiya. Mijina Plamen yana kan hanya da babbar motarsa kamar kullum, yau Jamus gobe Poland, ba na ganinsa sai kayan wankinsa sun taru. Sanyi ya shigo da wuri bana. Mun gasa barkono mun cika kwalabe, kabeji yana cikin ganga a ɗakin ƙasa, na kuma ware maka naka ko da za ka samu mai zuwa Sifaniya.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga wadda kake magana da ita a waya duk mako. A waya ba zan iya faɗin wannan ba. Mama tana zaune kusa da ni, in na fara kuma sai in kasa ƙarasawa, kai kuwa da ka ji haka sai ka ce to, to, za mu gani, ka koma tambayar yanayin gari. Wannan karon ina so ka zauna ka karanta har ƙarshe, domin na rasa inda zan sa kaina, kuma ina dab da rasa Mama daga gidan nan.

Ka san yadda kanta ya zama tun bara. Takan sa cokali a firiji, takan kira ni da sunan ƙanwarta, amma duk da haka muna lallaɓawa. Ni ina fita ɗinki tun da sassafe, ita kuma in ta tashi sai ta sa rigar sanyinta, ta ɗauki jakar cefane, ta sauka ta sayo burodi da kindirmo a kantin kusurwa, ta dawo ta zauna gaban talabijin har in taso. Ban taɓa tambayar kaina abin da ke dawo da ita ba. Ashe takardar rasuwar Baba ce, wadda muka manna, kamar yadda aka saba a nan, a babbar ƙofar shiga bene, kusa da ta mijin maƙwabciyarmu Lelya Ginka da ta sauran mutanen gidan da suka riga mu. Ka tuna ta, mai hotonsa sanye da kwat ɗin da ya ɗinka don bikinka, yana hararar mai ɗaukar hoto. Kai ka saka ta cikin leda ka liƙe gefenta kafin ka koma. Kowa yakan sabunta tasa duk shekara, Mama ta hana a taɓa tamu. Rana ta ci ta, ruwa ya shiga ledar, rubutun ya dushe, har ta koma kalar busasshen ganyen taba. Lelya Ginka, wadda tagarta ke kallon ƙofar, ita ta ba ni labari daga baya. Ta ce kowace safiya Mama takan tsaya, ta karanta sunan a hankali, ta shafa hoton da yatsa, ta yi alamar gicciye, sannan ta ce, "Zhelyu, ka kwanta kana hutawa ka bar ni da cefane." Sai ta wuce kanti abinta.

Kana da labarin gyaran bene da muka yi ta jira. An gama shi a ƙarshen bazara. An lulluɓe bango da abin riƙe ɗumi, an yi fenti ruwan lemo, an cire tsohuwar ƙofar ƙarfe an sa ta gilashi mai rufe kanta. Gaskiya gida ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, har hasken fitilar matakala ya dawo. Amma masu aikin sun ɗora tsohuwar ƙofar a mota da duk takardun da ke jikinta, ina wurin aiki. Na bi sawu har wajen masu sayen tsohon ƙarfe, mutumin ya dube ni kamar mahaukaciya, ya ce ƙofar ta riga ta tafi narkewa. A makon da aka sauya ƙofar ne kuma kwamitin masu gida ya zauna ya fitar da dokokinsa. Shugabanmu yanzu Gospodin Kerezov ne na hawa na uku, tsohon shugaban tashar jirgin ƙasa, wanda har yau yake tafiya kamar akwai usur a bakinsa. Sun hana shanya a wajen baranda, sun hana gasa barkono a tsakar gida, sun hana ajiye keke a matakala. Duk wannan ban damu ba. Doka ta ƙarshe ce ta kashe ni: ba a manna komai a sabuwar ƙofa, sai takardar wanda ya mutu sabuwar mutuwa, ita ma in an yi arba'in a cire. Tsofaffin mamata an ba su wani ɗan akwatin gilashi a lungun da ke gangarawa ɗakin ƙasa, bayan akwatunan wasiƙu.

Safiyar farko da Mama ta fita ta sabuwar ƙofa, ba abin da ya tsayar da ita. Ta wuce kanti, ta sayi burodi da cuku da tumatir, ta ƙulle a tsumma, ta hau bas. Abincin rana ta kai wa Baba a masana'antar zare, wadda aka rufe tun kafin ka bar ƙasar nan. Wani mai tasi ne ya gan ta tsaye a bakin ƙofar da ciyawa ta cinye, tana tambayar karnuka ko ma'aikata sun tashi. Allah ya sa ya san ta a coci. Karo na biyu a gadar kogi aka same ta, ta ɓata hanya, ba safa a ƙafarta. Karo na uku ba na son tunawa, Bate. Ruwan sama ake yi, muka wuni muna nema, har Kerezov ɗin da kansa ya fito da lema yana bin layi-layi yana kiran sunanta, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Muka same ta a ƙofar asibiti tana rawar ɗari, wai an ce mata Zhelyu ya ji ciwo a inji.

Sai na yi abin da na ɗauka dabara ce. Na je wurin masu buga takardun jana'iza na sa aka bugo min sabuwa, hoto ɗaya, kalmomi ɗaya, fara tas, na manna a ƙofar ɗakinmu ta ciki, inda ba dokar kwamiti. Na yi ta yabon kaina. Da safe ina bayi na ji wata irin ƙara da ban ƙara ji daga bakinta ba tun ranar da aka kira mu daga asibiti. Na fito na same ta a ƙasa. Kafin in ɗaga ta ta miƙe ta fara yafa zanen gado a kan madubai kamar yadda ake yi a gidan rasuwa, ta ciro baƙaƙen kayanta, tana tambayata ina aka ajiye gawar, wa zai yi masa wanka, don me ba a kira Lacho ba. Na ce Mama, an daɗe. Ta nuna min takardar ta ce in duba, ko tawadar ba ta bushe ba. Wuni ta yi tana kuka, ba ta ci komai ba. Washegari ta sake ganinta, ta sake binne shi daga farko. Na yage ta da hannuna. A ranar na gane cewa tsohuwar takardar abu biyu take gaya mata a tare, cewa ya mutu, da cewa an daɗe har ciwon ya lafa. Ni na ba ta na farko na hana ta na biyun.

Lelya Ginka ce ta ce to a tsufar da takarda mana, ai ita ma ba a haife ta da tamoji ba. Kada ka yi dariya. Na sake bugo wata, muka jiƙa ta a ruwan shayi, muka shafa mata guggubin kofi, muka busar a kan murhu, na goga gefenta da toka, na murza ta a tafin hannu, na saka a tsohuwar ledar da na samo a aljihun tebur. Da na gama ni kaina na kasa bambanta ta da tsohuwar. Kafin in tafi aiki na manna ta a sabuwar ƙofa, daidai tsayin idon Mama. Ta sauko, ta tsaya, ta karanta, ta shafa, ta yi masa ƙorafin cefane, ta sayo burodi ta dawo gida. Lelya Ginka ta kira ni a wurin aiki tana kuka tana dariya. Na fara mannawa da safe ina sa Lelya Ginka ta cire bayan Mama ta dawo, muka samu 'yan kwanaki na yi barci kamar mutum. Na manta sun sa kyamara a saman ƙofar. Wata safiya Kerezov ya riga Mama sauka, ya ɓamɓare ta a hankali, ya goge wurin da tsumma, ya hau ya kawo min ita har ɗaki cikin ambulan, da ladabinsa. Ranar a tashar bas aka tare Mama.

Na nemi a kira taro, aka yi shi ranar Asabar bayan abincin rana, a matakala kamar yadda aka saba, kowa da kujerarsa ta kicin. Na faɗi duk abin da na rubuta maka yanzu. Ban taɓa tona asirin gidanmu a gaban mutane haka ba, har da maganar safa. Na ce ba na neman a soke doka, takarda guda nake roƙo, mai faɗin tafin hannu biyu, na tsawon abin da ya rage wa tsohuwa. Kerezov ya saurara har na gama, sannan ya ce ɗan kwangila ya gargaɗe shi cewa in gam ya ɓata ƙofar ba ruwansa da gyara. Na ce zan rataye ta da zare. Ya ce ba maganar gam kaɗai ba ce. "Rosi, ni na ɗauki akwatin gawar babanki. Amma in na bar Zhelyu ya hau ƙofar nan, gobe duk matattun benen za su biyo shi, wa zan ce wa naka bai isa ba?" Wata yarinya Yoana, da ita da mijinta suka sayi ɗakin marigayi malamin lissafi, ta ce tana tausaya min ƙwarai, amma 'yarta na tsoron hotunan, kuma ba ta ci bashin banki don ta riƙa shiga gidanta ta cikin maƙabarta ba. Lelya Ginka ta ce mata, 'yata, waɗannan da kike kira maƙabarta su suka ɗauko bulon ginin nan a kafaɗa, ke da fenti kika zo. Wani ya ce a sa ta cikin akwatin gilashi mana, Kerezov ya ce ya amince ta zauna can har abada. Na ce ƙafar Mama ba ta san wannan lungun ba, idonta ma ba ya juyawa can, na gwada, na ja ta da hannu na nuna mata, da safe ta wuce shi kamar bango. Sai mijin Yoana ya faɗi abin da na san rabinsu suna tunani, cikin murya mai taushi, cewa mai irin wannan ciwon akwai wuraren da aka tanada domin su.

Aka kaɗa ƙuri'a. Ka san da girman ɗaki ake auna ta, namu kuwa ƙarami ne, waɗanda ke ƙasashen waje kuma duk sun bar tasu a hannun shugaba tun lokacin gyara. Tsofaffi suka ɗaga min hannu, hannuwan da yawa, nauyin ba yawa. Na faɗi. Ana tattara kujeru Lelya Ginka ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce, "Kwantar da hankalinki, Rosi. Ƙirjin nan nawa ba zai kai bazara ba. In an manna ni, ki liƙa Zhelyu a gefena, mu ga mai cire min baƙo kafin arba'in." Kowa ya yi dariya, har Kerezov ya sunkuyar da kai. Ni ma na yi. Amma Bate, tun ranar in na ji tarinta ta bango sai in tsinci kaina ina saurare, kuma ba addu'ar sauƙi ce ke fara zuwa zuciyata ba. Matar da ta goya mu. Ka ga inda na kai.

Yanzu kulle Mama nake yi in tafi aiki. Ina juya makulli ina jin kamar ni ce azzalumar duniya. Maƙwabta sun ce takan daki ƙofa tana kiran a buɗe, Zhelyu bai ci abinci ba. Bayan hannunta duk ya yi baƙi. Wani ya riga ya kai ƙarar hayaniya wurin kwamiti. Na ɗauki hutun da nake da shi duka, mai kula da layinmu a wurin aiki ta ce in na ƙara makara akwai masu jiran keken ɗinkina. Na nemi mai zama da ita, Mama ta kore ta da tsintsiya, wai ɓarauniya ce. Likita ya ce kullewar tana ƙara rikita ta, kuma in wuta ta tashi fa? Shi ya samo mana gado a wani gidan tsofaffi a ƙauye, can wajen duwatsu. Na je na gani. Wurin a share yake, matan ba su da mugunta, amma tsofaffin suna jere a baranda, ba mai magana da wani, kuma ƙofar waje ba ta da mariƙi ta ciki. Sun ce za su riƙe mana gadon zuwa tsakiyar wata mai kamawa. In ban samu wata hanya ba, can zan kai ta, domin gara in gan ta a barandar nan da in je gano ta a bakin kogi cikin ƙanƙara.

Hanya ɗaya na gani, kuma kai ne ita. Ranar Lahadin da ta wuce ka kira da safe, ba da yamma kamar yadda ka saba ba. Mama ta riga ta sa rigar sanyi ta ɗauki jaka, ina tsaye a ƙofa ina lallashinta. Na miƙa mata wayar don in samu in numfasa. Ka ce barka da safiya, ta ce Zhelyu, ina ka shige? Kai ba ka ji ba, hayaniyar yara ta yi yawa, ka ce kana nan, aiki ne ya riƙe ka, ta kula da kanta da sanyin nan. Sai da ta sake faɗa ka ce Mama, Lacho ne, amma lokacin ta riga ta miƙo min wayar. Muryarka ta zama ta Baba, Bate, har 'yar gyaran muryar nan kafin magana. Ni ban lura ba sai da na ga fuskarta. Ta cire rigar ta rataye. Ta ce aiki ne ya riƙe shi, bari ta ɗora wake. Wuni guda ba ta kalli ƙofa ba. Ta yi girki tana 'yar waƙa, ta jera faranti uku, da yamma ta manta dalilin na ukun ta mayar da shi kabad, ta kwanta lafiya.

Abin da nake roƙonka ke nan. Ka riƙa kira kowace safiya kafin ka shiga aiki, lokacin ne take tashi. Ba sai ka daɗe ba. Ka kira ta da sunan da Baba yake kiranta, ka ce, Denke, yau zan makara, na ci abinci a nan, ki jira ni a gida. In ta yi maka faɗan fita ba hula cikin sanyi, ka ce ka sa. In ta tambayi yara, ka ce suna makaranta. Na tambayi limamin cocinmu ko zunubi ne, ya ce shi ba zai ce min in yi ba, amma ba zai ce in bari ba. Ban san ko zai yi aiki kullum ba, sau ɗaya kawai na gani. Na san kuma abin da zai ci maka. Har yanzu takan tambaye ni kai jifa-jifa, takan ce yaron nan yana cin abinci kuwa a can. In ka fara wannan, muryarka ta tafi wurin Baba ke nan, ba na jin za ta dawo maka. Za ka riƙa jin mahaifiyarka kowace rana, ita ba za ta ƙara jin ɗanta ba. Ba zan ga laifinka ba in ka ce ba za ka iya ba. Ka dai faɗa min da wuri, kada ka ce za mu gani, domin in fara haɗa mata kaya a hankali ba tare da ta lura ba.

Ka gaishe min da Veselina, ka ce ina gode mata da ulun da ta aiko, kuma ka ba ta wasiƙar nan ta karanta, ita ma da haƙƙinta a ciki tunda a kicin ɗinta za ka riƙa yin wannan waya. Ka sumbaci Bozhidar da ƙaramar Nevena, ka ce gwaggonsu tana ajiye musu kwalbar zumar ɓaure. Plamen yana gaishe ka daga inda yake. Lelya Ginka ta ce in gaya maka har yanzu tana nan, ba ta cika alkawari ba. Ubangiji ya tsare ku, ya ba ka ƙarfin da ni na rasa.

Zan ajiye wayar kusa da gadonta daga ranar Litinin. In ta yi ƙara zan san amsarka. Abu ɗaya kawai, Bate, domin bakinka ya saba: in ta ɗauka, kada ka ce mata Mama.

Ƙanwarka mai ƙaunarka kullum,
Rositsa